Yara biyar a kan tauraro ɗaya: wa ke cin riba a cinikin besbol?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu a Bronx, nan New York, kuma da yake filin Yankees yana kusa da wurin aikina, a hankali na fara bin wasan besbol. Abin da ya ɗaure min kai shi ne musun da abokan aikina ba sa gajiya da shi. Yankees ta ba da 'yan wasa biyar ta karɓi Juan Soto, ya yi kaka ɗaya tal ya tsallaka Mets, ɗaya ƙungiyar New York ɗin. Wasu na cewa asara ce, wasu na cewa ko gobe a sake. Ni da na taso da ƙwallon ƙafa, na saba a zube kuɗi a ɗauki ɗan wasa. Me ya sa su suke biya da yara, kuma wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Musun nan da ka tarar ya girme ka a garin, kuma a nan za ka bar shi. Na fi shekara ashirin ina bin wasan nan, ban taɓa ganin watan Yuli, lokacin da cinikin 'yan wasa ya fi zafi, ya wuce ba a tayar da shi ba. Zan gaya maka inda na tsaya, amma sai mun fara duba hajar da ake ciniki a kanta, domin wanda ya shigo da idon ƙwallon ƙafa yakan ɗauka mutum ake saye. A besbol shekaru ake saye.

Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar MLB, kowacce na buga wasa 162 a kaka, kuma babu faɗawa rukunin ƙasa. Ko kai ne kurar baya, baɗi kana nan daram. Duk watan Yuli ana zaman rabon matasan da suka fito daga sakandare da jami'a, zagaye 20, galibi waɗanda suka fi shan kashi ne ke fara zaɓe. Yaran Jamhuriyar Dominika da Venezuela kuwa tun suna shekara 16 ake sa musu hannu. Dukkansu sai a zuba su a ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin uwar ƙungiya, suna hawa mataki-mataki, wani shekara uku, wani biyar, wani har abada. Amurkawa da bakinsu gona suke kiran wannan tsari, kuma sunan ya dace da shi.

Ranar da yaro ya hau babbar gasa, agogo ya fara bugawa. Shekara shida yana hannun ƙungiyarsa, ba shi da ikon zuwa ko'ina. A ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake biyansa, wanda a 2024 dala 740,000 ne. A ukun baya albashin yana tashi, in an kasa daidaitawa a je gaban masu sulhu, amma duk da haka ba ya kai farashin kasuwa. Sai ya cika shidan nan yake zama ɗan kansa, ya bi wanda ya fi taya shi. Soto da ya cika nasa, Mets ta ba shi dala miliyan 765 a shekara 15, wato miliyan 51 duk shekara. To ajiye wannan a gefe, ka ajiye yaron da zai yi maka rabin aikin Soto a kan abin da bai kai miliyan ɗaya ba. Ratar da ke tsakaninsu ita ce kuɗin da ake kashewa a kasuwar besbol. Shi ya sa ƙungiyar da ta san tauraronta zai tafi ba ta neman tsabar kuɗi, yara take nema, kowanne da shekarunsa shida cif ba a taɓa ba. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan: ɗauki yau, ba ni gobe.

Sai dai goben nan babu wanda ya taɓa ganinta. A 2011 wani marubuci, Scott McKinney, ya bi diddigin matasan da mujallar Baseball America ta sa cikin ɗari mafiya fice daga 1990 zuwa 2003, ya tarar kusan bakwai cikin goma ba su zama abin da aka zata ba. Ka lura, waɗannan su ne zaɓaɓɓun, ba tarkacen gona ba. Masu jifa sun fi masu bugu lalacewa, saboda gwiwar hannun ɗan Adam ba a halicce ta don jefa ƙwallo da gudun mil 100 a awa ba. Jijiya na tsinkewa, sai tiyatar da ake kira Tommy John, sai jinyar shekara guda ko da rabi, kuma ba kowa ke dawowa yadda yake ba.

Wata shekara, a makon ƙarshe na Yuli, na je kallon wata ƙaramar ƙungiya a wani ɗan gari. Na zauna a bayan mai cafe ƙwallo, inda masu farautar 'yan wasa ke zama. Sun kai goma sha, kowa da hular hana-sallah da littafinsa da na'urar auna gudun ƙwallo. Yaro na ɗaga ƙafa zai yi jifa, sai ka ga na'urorin sun tashi gaba ɗaya, ƙwallo na shiga safar hannu su sauka gaba ɗaya, kowa ya duƙa yana rubutu, ba mai ce wa wani uffan. A zango na huɗu cikin zango tara na wasan sai koci ya je ya raɗa wa wani yaro magana a kunne. Yaron ya miƙe, ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya yana runguma, ya tattara sandunansa ya zuba a jaka. Wani dattijo da ke kusa da ni yana ɓare gyaɗa ya ce, ko kallona bai yi ba, "An sayar da shi." Kafin in kai mota labarin ya fito a waya, magoya baya har sun fara kuka an ba da gobensu. Na riƙe sunan yaron ina bibiya shekara uku. Rauni, dawowa, wani raunin, daga nan shiru. Yawancin yaran da ake kuka a kansu haka labarinsu ke ƙarewa, amma irin wannan ba ya zama labari, shi ya sa abokan aikinka ba za su taɓa ambatonsa ba.

Waɗanda za su ambata na san su. Na farko John Smoltz. A Agustan 1987 Detroit Tigers na neman kambun rukuninta, ta ba Atlanta wani yaro ɗan shekara 20 ta karɓi Doyle Alexander, ɗan shekara 36. Alexander ya ci wasa tara bai faɗi ko ɗaya ba, Detroit ta ɗauki rukunin, Minnesota ta fitar da ita a zagayen gaba, bayan shekara biyu kuma ya yi ritaya. Yaron, wanda ɗan jihar Michigan ne ma, ya yi shekara ashirin yana yi wa Atlanta jifa, ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa a 1996, aka shigar da shi zauren girmamawa na Cooperstown a 2015. Na biyu Jeff Bagwell. A Agustan 1990 Boston ta ba da shi ga Houston a kan Larry Andersen, mai jifan wucin gadi ɗan shekara 37 da ya yi mata zango 22 kacal ya kama gabansa. A lokacin Boston na da Wade Boggs a gurbin da Bagwell ke bugawa, kuma a duk kakar yaron sau huɗu kawai ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, abin da suke kira homron. A Houston sai da ya buga 449.

Ƙara da biyu na kusa, duka a 2016. Chicago White Sox ta ba San Diego wani ɗan shekara 17 da ko wasa ɗaya bai buga mata ba, a kan James Shields da ƙarfinsa ya riga ya fara ja baya. Sunan yaron Fernando Tatis Jr. Bayan 'yan makonni Dodgers ta ba Houston wani ɗan Kuba da ta sa wa hannu ko wata biyu ba a yi ba, a kan mai jifan wucin gadi Josh Fields. Shi ne Yordan Alvarez, wanda homron ɗinsa a wasa na shida ya share wa Houston hanyar ɗaukar World Series, babban kofin gasar, na 2022.

To yanzu duba huɗun nan da kyau. A cikin Alexander da Andersen da Shields da Fields, wanne ne tauraro a ranar da aka saye shi? Babu. Dattawa uku ne da ɗan cike gurbi ɗaya. Wannan shi ne abin da nake so ka tafi da shi wurin aiki: cinikin da ya fi cin ƙungiyoyi ba na taurari ba ne, na tsaka-tsakin ɗan wasa ne, wanda ake saye cikin gaggawa don toshe wata kafa. Dalilin a fili yake. Idan za a sayi tauraro, kowa ya buɗe ido, yaran da za a bayar sanannu ne, an auna su an sake aunawa, jaridu sun kumbura sunayensu har farashinsu ya wuce ƙimarsu. A ƙaramin ciniki kuwa sai a ce, ba su wancan ɗan yaron na can ƙasa, alhali ita kanta ƙungiyar ba ta gama sanin abin da ke hannunta ba.

Juya ka dubi cinikin taurari na gaskiya. A Disambar 2007 Detroit ta kwashi 'yan wasa shida ta ba Florida Marlins, ciki har da Cameron Maybin da Andrew Miller, manyan 'ya'yan gonarta biyu, ta karɓi Miguel Cabrera yana da shekara 24, tare da Dontrelle Willis. An yi ta cewa Dave Dombrowski, mai kula da cinikin ƙungiyar, ya cinye iri. Cabrera ya zama gwarzon shekara sau biyu a jere, 2012 da 2013, kuma a 2012 ya zo na ɗaya a manyan ma'aunan bugu uku gaba ɗaya, abin da rabon a gani tun 1967. Maybin ya zama ɗan wasa na yau da kullum, ba yabo ba fallasa. Miller ya yi fice daga baya, amma a hannun wasu, Marlins ba ta ci moriyarsa ba. Shi dai Dombrowskin ya koma Boston ya maimaita a Disambar 2016: ya ba White Sox Yoan Moncada, wanda ake ganin babu kamarsa a matasan ƙasar kaf, da Michael Kopech mai jifa kamar harsashi, da wasu biyu, ya karɓi Chris Sale. Sale ya fitar da masu bugu 308 a 2017, kuma shi ya yi jifan ƙarshe da Boston ta ɗauki kofin 2018. Moncada kaka ɗaya ya yi mai kyau sosai, Kopech kuwa tiyata ta tare shi tun a 2018.

Haka Milwaukee da Christian Yelich a Janairun 2018: yara huɗu ta bayar, a shekarar ya zama gwarzo, yaran kuwa ko ɗaya bai kafu ba. Haka Houston da Justin Verlander a daren ƙarshe na Agustan 2017. Haka Dodgers da Mookie Betts a Fabrairun 2020, inda ta ba da Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong, ta ɗaure Betts da kwantiragin shekara 12 kan dala miliyan 365 tun kafin ya buga mata wasan gasa ko ɗaya, ta ɗauki kofi da shi a shekarar, ta sake a 2024. Mutanen Boston har yau ba su huce ba, kuma ban ga laifinsu ba.

A nan sai ka yi hattara da wani ruɗu da masu musu ke yawan faɗawa ciki. Ciniki daban, kwantiragin da ya biyo baya daban. Sayen Sale riba ce. Ƙarin shekara biyar kan dala miliyan 145 da Boston ta yi masa a 2019, ya ƙare yawancinsu a ɗakin jinya, wannan wata shawara ce dabam da wani lissafi dabam. Haka tsufan Cabrera a Detroit da albashi mai nauyi. In mutum ya haɗa su ya ce "ka ga abin da sayen tauraro ke jawowa", ya haɗa kuɗin sa da kuɗin dusa ne.

Kada ka ce na rufe ido a kan inda sayen tauraro ya zama da-na-sani. Akwai, kuma suna da kama da juna. A Yunin 2002 Montreal Expos ta ba Cleveland Cliff Lee da Grady Sizemore da Brandon Phillips a kan Bartolo Colon, ukun duka suka zama taurari, Colon kuwa rabin kaka ya yi. Amma ita Expos a lokacin ana maganar rushe ta ne gaba ɗaya, wanda bai san zai kai baɗi ba ba ya ajiyar iri. A 2007 Atlanta ta ba Texas Elvis Andrus da Neftali Feliz da Matt Harrison da wasu biyu a kan Mark Teixeira, ba ta shiga wasannin fitar da gwani ba, shekara na zagayowa ta sayar da shi da araha, Texas kuwa da yaran nan ta je World Series a 2010 da 2011. Mafi ban takaici a wurina Angels ce a 2023. Tana da Shohei Ohtani a shekararsa ta ƙarshe, da ta sayar da shi da ta cika gonarta maƙil. Maimakon haka sai ta ƙara ba da 'yan yaran da suka rage mata ta sayo 'yan haya, wato waɗanda kwantiraginsu ya kusa ƙarewa, ta shiga Agusta tana shan kashi, kafin watan ya ƙare ta saki waɗanda ta sayo ɗin kyauta don rage albashi. Ta gama da nasara 73, Ohtani ya koma Dodgers kan dala miliyan 700. Abin da ya haɗa ukun nan shi ne kowacce ta ɗauka tana bakin ƙofa, alhali ko zauren ba ta shiga ba.

Kuma a nan ne besbol ya sha bamban da sauran wasanni. A ƙwallon kwando mutum ɗaya na iya ɗaukar ƙungiya a kafaɗa, domin ƙwallo na hannunsa rabin wasa. A besbol komai gwanintarka sai layi ya zo kanka, sau ɗaya cikin tara, mai jifa kuma sau ɗaya a kwana biyar. Masu lissafin wasan suna da ma'aunin da ke nuna yawan nasarar da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya a kan wanda za a iya ɗaukowa daga gona a maye gurbinsa. Babban tauraro a kaka mai kyau yakan ƙara kamar shida zuwa takwas cikin 162. Idan a ƙarshen Yuli ka saye shi, sulusin kaka ya rage, wato nasara biyu ko uku ka saya. Ga ƙungiyar da ke kan iyakar shiga da rashin shiga, biyun nan sun fi zinariya. Ga wadda ke baya da wasa goma, zuba ruwa ne a kwando. Mike Trout da Ohtani, waɗanda da wuya a samu biyun da suka fi su a zamaninsu, sun yi kaka shida tare a Angels, ko sau ɗaya ba su ga Oktoba ba, watan wasannin fitar da gwani.

Shi kansa Oktoban ba ya jin magana. Tun 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga, ana karawa a wasa uku ko biyar ko bakwai, kuma a irin wannan gajeren zango komai na iya faruwa. Dodgers ta ci wasa 111 a 2022, San Diego mai 89 ta kore ta a karon farko da ta fito. Atlanta a 2021 ta rasa Ronald Acuña da rauni a Yuli, ta tsinto mutum huɗu a farashin gwanjo, Joc Pederson da Adam Duvall da Eddie Rosario da Jorge Soler, ba ta taɓa manyan yaranta ba, ta ɗauki kofi da nasara 88, Rosario da Soler suka raba kyaututtukan gwarzon zagaye biyu na ƙarshe. Saboda haka mai cewa "mun sayi tauraro, kofi namu ne" bai fi mai cewa "yaranmu za su kawo mana kofi uku" hankali ba. Tauraro damar shiga yake saya maka, ya ɗan ƙara maka nauyi a sikeli.

To ɗan haya fa, wanda saura wata biyu ko uku ya zama ɗan kansa? Nan ne nake da tsauri, amma da togaciya. A Yulin 2008 Milwaukee, wadda rabonta da Oktoba tun 1982, ta hayo CC Sabathia daga Cleveland. Ya ci 11 ya faɗi 2, a makonnin ƙarshe yana jifa da hutun kwana uku maimakon huɗu, ya ja ta har ciki, sannan ya tafi Yankees. Babban yaron da aka bayar, Matt LaPorta, bai yi komai ba; wanda aka cika cinikin da shi daga baya, Michael Brantley, shi ya zama tauraro. Je ka tambayi ɗan Milwaukee ko yana son a mayar masa da Brantley a karɓe masa wancan Satumba. A 2016 Chicago Cubs, da shekara 108 ba kofi, ta ba Yankees Gleyber Torres da wasu uku a kan Aroldis Chapman na wata uku. A takarda ta yi tsada ƙwarai. Chapman ma a wasa na bakwai shi aka buga wa homron ɗin da ya mayar da wasa kunnen doki. Amma Cubs ta ci, Chapman ya koma Yankees a Disamba kan dala miliyan 86, Torres ya zama tauraro a New York, kuma ban taɓa haɗuwa da ɗan Chicago da ke nadama ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, musamman ga wanda kakansa ya mutu yana jiran kazar.

Mu dawo kan Soto, domin shi sau biyu aka sayar, kuma cinikin biyu ba ɗaya ba ne. Na farko ranar 2 ga Agustan 2022, bayan ya ƙi tayin ƙungiyarsa Washington na dala miliyan 440. San Diego ta ba da CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood da Robert Hassell da Jarlin Susana da Luke Voit, ta karɓe shi tare da Josh Bell. A ranar na goyi bayan cinikin: ɗan shekara 23, Oktoba uku a gaba, irinsa ba ya shigowa kasuwa sau biyu a shekara goma. San Diego ta kai zagayen kusa da ƙarshe a 2022, ta yi ta tangal-tangal a 2023 da nasara 82, kuɗi ya yi mata nauyi, ta sayar da shi. Abrams da Gore da Wood kuwa ukun duka sun shiga wasan taurari a rigar Washington. Wannan yana cikin 'yan lokutan da yara suka fito kusan gaba ɗaya, kuma na yarda Washington ta ci kasuwar. Sai dai ko a nan, har zuwa ƙarshen kakar 2025 Washington ba ta yi kaka ɗaya da nasararta ta fi faɗuwarta ba tun bayan kofinta na 2019. Tara yara ba shi ne gina ƙungiya ba. Wasu masu ƙungiyoyin ma, ban ce duka ba, kalmar "gobe" labule ce da suke ɓoye rowa a bayansa: yaro na kusa da fara cin albashi mai tsoka, sai a sayar da shi a kawo wasu yaran, a ce wa 'yan kallo su ƙara haƙuri.

Na biyu shi ne naku, Disambar 2023. Yankees ta ba da Michael King da Drew Thorpe da Jhony Brito da Randy Vásquez da Kyle Higashioka. Ka ga da farko ba duka ne yara ba: Higashioka ya haura talatin, King kuma ya riga ya kafu a babbar gasa, kuma shi ne ainihin kuɗin. Ya je San Diego ya yi kaka mai kyau ƙwarai a 2024, wannan rashi ne na gaske, kada wani ya ce maka ba a ji shi ba. Thorpe ko kaka bai fara a can ba aka wuce da shi White Sox a cinikin Dylan Cease. A ɗaya ɓangaren, Yankees ta fito daga kakar da ta ci 82 kacal, Aaron Judge ya haura talatin, Gerrit Cole ma haka, kuma shekarun irin waɗannan mutane ba sa jiran yaro ya girma. Soto ya buga homron 41, kuma a wasa na biyar da Cleveland, a zango na goma, shi ya buga wanda ya kai Yankees World Series karon farko tun 2009. Dodgers ta doke ta huɗu da ɗaya, Soto ya tattara ya tafi Queens, unguwar Mets.

Hukuncina: cinikin daidai ne. Tauraro ne na gaske yana da shekara 25, kaka guda cikakkiya aka saya ba wata biyu ba, ƙungiyar a shirye take, tana da aljihun da za ta yi takarar riƙe shi kuma ta yi, an dai fi ta taya ne. Ba ta kuma taɓa yaran da ta fi ji da su ba. Da ƙungiya ce mai ƙaramin aljihu da ke tsakiyar tebur ta yi irin wannan, da na ce ganganci ne, domin ita in ta kwashe gona ba ta da kuɗin sayen hatsi a kasuwa. Yankees na da shi: Soto na fita ta ɗauko Max Fried kan dala miliyan 218.

Akwai kuma mutum ɗaya da na tabbata abokan aikinka sun manta a lissafinsu. Soto bai zo shi kaɗai ba, an haɗo da Trent Grisham a matsayin gyara, San Diego ma rage albashinsa take son yi. A 2024 yawanci a benci ya zauna, ba mai kula shi. A 2025, Soto na can Mets, gyaran nan ya buga wa Yankees homron 34.